Gurbi na Huɗu

Daga Tarawa suka aiko ni da takarda mai gurbi bakwai
da biro biyu, don iskar gishiri ba ta barin biro ya tsufa.
Majalisa na son shigar da gadon kakanni inuwar doka
kafin teku ta gama nata lissafi.
Ni ce magatakarda. Ni ce kuma jikar Taoaba,
shi ya sa aka ce: ke je ki, ke kaɗai zai buɗe wa baki.

Na tarar da shi yana ɗaure haƙarƙarin kwalekwale
da igiyar ɓawon kwakwa wadda ya murza a cinyarsa,
cinyar da gashi ya daina tsiro a kanta tun ban zo duniya ba.

Gurbi na ɗaya: sunan gadon.
Ya ce, rubuta sanin hanya.
Na biyu: su wa ke riƙe da shi?
Ya soma ƙirga da yatsu, yatsun suka yi masa yawa.
Shi, da Bwenaua wanda kunne ya mutu masa,
da wani da ya tafi tsinkar inabi a Nuzilan bai dawo ba.
Na uku: yaya ake yin sa?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kwanciya ake yi, in ji shi, rigingine a cikin jirgi,
a rufe ido, a bar ƙashin baya ya yi sauraro.
Igiyar kudu doguwa ce, tafiyar mai juna biyu take yi,
ta gabas gajeruwa, mafaɗaciya, uku-uku take zuwa.
Inda suka harɗe, ƙasa na kusa ko ba ka gan ta ba.
Sauran ba na takarda ba ne.
Da dare ake faɗinsa, a kunne ɗaya, sau ɗaya.

Na ce, Kaka, abin da ba a rubuta ba alƙali bai san shi ba.
Gobe baƙo zai naɗe shi a na'ura ya kai kasuwa,
ba mu da sashe ko sakin layin da za mu kama rigarsa.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.
Ya ce, to ki kama ta ƙota, jikata.
Abin da aka rubuta kuma, teku ba ta iya karatu ba.

Gurbi na huɗu: wurin da ake yin sa.

Bai amsa ba. Ya tura jirgin, ya ce shigo.
Muka wuce ramin gwazar kakata da gishiri ya ƙone,
muka wuce kututturen kwakwa goma sha ɗaya tsaye cikin ruwa
kamar masu jiran a kira shari'arsu.
Ya tsai da filafili. Ya ce duba ƙasa.
Ginshiƙan murjani na zauren taro ne, a jere yadda aka kafa su,
ƙananan kifi shuɗi suna shiga ta ƙofar dattawa
ba sunkuyawa, ba sallama.
A nan ubana ya faɗa mini, ya ce. Rubuta nan.

Lauyan da ya tsara takardar yana son sunan unguwa,
da lambar fili, da sa hannun mai gari.

Na riƙe biro har tawada ta taru a bakinsa.
Ya ce ajiye, kwanta.
Na kwanta da rigar ofis, takardar a ƙirjina,
katako na cizon kafaɗata, rana na huda fatar idona.
Ban ji komai ba sai yunwa da tsoron kifewa.
Ya ce yi shiru, bakinki ya rufe amma kanki na surutu.

Can, ƙasa da ƙugu,
wani abu mai nauyi ya ɗaga ni, ya ajiye a hankali.
Na ce, kudu?
Bai ce e ba. Ya juya filafili.

Takardar na ofis yanzu, an buga mata hatimi.
Gurbi shida a cike da rubutuna mai kyau.
Na huɗu, tabon ruwa ne ya bushe a kansa,
in ka shafa da yatsa za ka ji gishiri.
Shugaban sashe ya ce in koma in cike.
Na nemi hutun wata uku.